Daga Gonar Zagami Zuwa Dutsen Bennu: Abin da Duwatsun Sarari ke Faɗa Game da Farkon Duniya

Laccar da aka gabatar a Kuki, a taron hutu na ɗalibai 'yan ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi



Sa'ad da shugabannin wannan ƙungiya suka nemi jin kan maganar da za mu yi yau, muka ce za mu yi ta ne a kan kumbunan da a ke aikawa sararin samaniya ba da mutum a ciki ba, domin su binciko waɗansu duwatsu da ke kewaya rana. Sai ɗaya daga cikinsu ya yi murmushi ya ce, "Malam, a Kuki?" Mun gane abin da ya ke nufi. Jama'ar da ke fama da tsadar taki da rashin barci da ido biyu a rufe, ina ruwansu da wani dutse da ke can bayan wata? Amma mu a ganinmu, in akwai ƙasar da ta cancanci a yi wannan magana a cikinta, to ƙasar Katsina ce. Dalili kuwa shi ne abin da ya auku a wata gona, kudu maso yamma da nan, tafiyar kimanin kilomita 100.

Ranar 3 ga Oktoba 1962, a kusa da Zagami cikin ƙasar Faskari, wani manomi yana cikin gonarsa sai ya ji ƙara kamar ta aradu, iska ta buge shi, sa'an nan wani abu ya faɗo ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda ya ke tsaye. Da ƙura ta lafa aka duba, sai ga baƙin dutse a cikin rami mai zurfin kamar ƙafa biyu. Da aka auna shi, nauyinsa ya kai kilo 18. Aka kai shi Kaduna wajen ma'aikatar binciken ƙasa da ma'adinai, aka rubuta ranar da ya faɗo da inda ya faɗo, aka kuma sa masa sunan garin. A wancan lokaci ba wanda ya san ainihin inda ya fito. Sai bayan da kumbunan Viking na Amurka suka sauka a duniyar Marsa, wadda Larabawa ke kira Mirrihu, a 1976, suka auna irin iskar da ke can, sa'an nan aka sami abin gwadawa. A 1995 masana suka bayyana cewa sun sami iska a kulle cikin 'yan ɗigo-ɗigon gilashi da ke jikin dutsen Zagami, kuma iskar nan ta yi daidai da wadda Viking ta auna. Watau dutsen nan ɓallin duniyar Marsa ne. Ya daskare daga narkakken dutse a can kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, daga baya wani dutsen sarari ya faɗa wa Marsa da ƙarfin da ya cilla shi waje, ya yi ta yawo wajen shekara miliyan 3 kafin Allah ya nufe shi da gonar mutumin Zagami. Shekaru da dama ba a san wani ɓallin Marsa guda ɗaya da ya kai shi girma ba.

Ga kuma wani abin mamaki. A watan Nuwamba 1996 aka harba wani kumbo mai suna Mars Global Surveyor, kuma ɗaya daga cikin masanan da suka ƙera na'urorinsa ya liƙa wani ɗan ƙanƙanen ɓallin Zagami a jikin na'urar. Kumbon ya isa Marsa a 1997, ya yi aiki har 2006. Ashe ke nan ƙasar Katsina ta taɓa karɓar baƙo daga wata duniya, ta kuma ga an raka shi gida. Marigayi Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo waƙa, da ya sami wannan labari mai yiwuwa ne da Zagami ma ta shiga bakin kalangu.

To mene ne waɗannan duwatsu da ke da ƙarfin fasa wata duniya? Turawa na ce da su astaroyid, mu kuwa a wannan lacca za mu kira su duwatsun sarari. Mafi yawansu suna kewaya rana ne a wani fage da ke tsakanin Marsa da Mushtari. Na farko da aka gano shi ne Ceres, wanda wani masanin taurari mai suna Piazzi ya hango daga Palermo ta ƙasar Italiya a daren 1 ga Janairu 1801, faɗinsa kuwa kimanin kilomita 940. Daga shi sai su yi ta ƙanƙancewa har zuwa masu girman ɗaki. An ƙididdige fiye da miliyan ɗaya, amma da za a tara duk na wannan fage wuri guda, nauyinsu ba zai wuce kashi uku ko huɗu cikin ɗari na nauyin wata ba.

Muhimmancinsu ba a girma ya ke ba, a tsufa ya ke. Bisa ga abin da bincike ya nuna, rana da duniyoyin da ke kewaye da ita sun samo asali ne daga wani makeken gajimare na iska da ƙura, wanda ya dunƙule saboda nauyin kansa. Tsakiyarsa ta zama rana, sauran ya baje kamar faifai yana juyawa. A cikin faifan nan ƙura ta riƙa mannewa da ƙura, tsakuwa da tsakuwa, har aka sami manyan curi, su kuma suka haɗu suka zama duniyoyi. Amma a kusa da Mushtari, ƙarfin jan da wannan babbar duniya ke da shi ya hargitsa tafiyar curin da ke wurin, maimakon su haɗu a hankali sai suka riƙa karo suna farfashewa. Duk wanda ya taɓa gina ɗaki ya san bayan an gama a kan bar ragowar tubali da ɓaraguzai a gefe. Ɗakin an yaɓe shi, an shafe, damina ta yi ta dukansa ana sake yaɓe, har ba a iya gane irin ƙasar da aka fara kwaɓawa. Mai son sanin asalin ƙasar sai ya koma ga ragowar tubalin. Duniyarmu ita ce ɗakin. Ta narke tun farko, ƙarfe ya nutse tsakiya, ruwa da iska da girgiza suka yi ta sauya fuskarta. Manyan duwatsun nan da Dutsin-Ma ta sami suna daga gare su, waɗanda mu ke ganin ba abin da ya fi su daɗewa, masu binciken ƙasa sun ƙiyasta ire-irensu a kan shekara miliyan 600 ko kusa da haka. Amma fararen ɗigo da a ke samu a cikin waɗansu duwatsun da suka faɗo daga sama, shekarunsu miliyan 4,567, kuma da su a ke lissafin farkon tsarin rana baki ɗaya.

Wani zai ce, wa ya ke nan ya ƙirga? Hanyar ba ta da wuyar fahimta. Yuraniyam, irin wanda a ke haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, yana rikiɗewa ya koma dalma a hankali bisa wani ƙayyadadden ma'auni wanda zafi ko sanyi ba su canza shi. Nau'in da ya fi yawa, rabinsa ke rikiɗewa a cikin shekara miliyan 4,470. Idan aka auna yawan yuraniyam da ya rage a cikin ƙwayar dutse, da yawan dalmar da ta fito daga gare shi, sai lissafi ya ba da ranar da ƙwayar ta daskare. Ɗalibin da ya ci lissafin aji biyar na sakandare zai iya bin wannan hisabi, wahalar tana wajen awo ne kurum.

Arewacin Nijeriya ya sami rabo mai yawa na irin waɗannan baƙi. Ranar 3 ga Agusta 1974 wani mai nauyin kusan kilo 5 ya faɗo a Mayo Belwa cikin ƙasar Adamawa. Ranar 3 ga Afrilu 1984 wani ya faɗo a wata gona a yankin Gujba, wanda yanzu ke cikin jihar Yobe, an ƙiyasta shi a kan kilo 100. Idan aka yanka dutsen Gujba sai a ga ƙwallayen ƙarfe a jere cikinsa kamar an zuba gujiya a ƙulli, kuma masana da dama na ganin ƙwallayen nan sun daskare ne daga tururin da ya tashi sa'ad da waɗansu jariran duniyoyi biyu suka yi karo, 'yan shekaru miliyan kaɗan bayan haihuwar rana. Abin baƙin ciki, jama'a sun farfasa shi da guduma, kowa ya ɗauki nasa, mafi yawansa ya watse. Sai kuma na Kilabo a jihar Jigawa, ranar 21 ga Yuli 2002. Ku riƙe wannan suna, za mu komo kansa.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma mun san tana zuciyar da yawa daga cikinku. In duwatsun nan suna faɗowa kyauta har cikin gonakinmu, me ya sa a ke kashe dukiya mai ɗimbin yawa a je a ɗebo su? Dalili biyu ne. Na farko, dutsen da ya faɗo kamar warƙa ce da aka tsinta a kasuwa, an karanta abin da ke cikinta amma ba a san daga wane littafi aka yago ta ba. Na biyu, daga sa'ar da ya shigo iskar duniya ya fara gurɓata. Bayansa ya ƙone, marar ƙwari ya ruguje tun a sama, wanda ya iso ƙasa kuwa raɓa ta taɓa shi, ruwa ya jiƙa shi, hannu ya shafa shi, ƙwayoyin halitta sun shige shi. In aka sami wani sinadari mai alaƙa da rai a cikinsa, ba mai iya rantsuwa cewa ba a gonar ya kwaso shi ba.

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. A wannan fage kam sai mu nemi afuwar magabata, domin aike ya fi. Tafiyar ta kan ɗauki shekara shida ko bakwai, ɗan Adam kuwa yana bukatar abinci da ruwa da iska da kariya daga zafin hasken sarari. Na'ura ba ta bukatar abinci ko ruwa ko iska. Sai dai ɗan aiken nan dole ya zama mai hankalin kansa, gama saƙon rediyo, duk da saurinsa, ya kan ɗauki mintoci da yawa kafin ya isa.

Kumbon Galileo ne ya fara ɗauko hoton dutsen sarari daga kusa, sa'ad da ya wuce ta gefen Gaspra a 1991 a kan hanyarsa ta zuwa Mushtari. Kumbon NEAR Shoemaker ya kewaya Eros shekara guda, ya sauka a kansa a watan Fabrairu 2001. Amma wanda ya fara zuwa ya komo da kaya na Japan ne, sunansa Hayabusa, watau shaho, kuma labarinsa ya isa a ba ɗalibi don ya koyi haƙuri. An harba shi a watan Mayu 2003, ya isa wani ɗan dutse mai suna Itokawa, mai tsawon kimanin rabin kilomita, a 2005. Tun kafin ya sauka, biyu daga cikin ƙafafun nan uku masu juyawa da ke daidaita fuskarsa suka lalace. Da ya sauka, harsashin da aka shirya zai daki dutsen don ƙura ta tashi ya ƙi fita. Mai ya tsiyaye, kumbon ya shiga wulwulawa, aka daina jin ɗuriyarsa har mako bakwai. Injiniyoyin ba su fid da rai ba, suka yi ta aika saƙo har ya amsa, suka lallaɓo shi da injunan da suka rage, har suka haɗa rabin wani inji da rabin wani. Maimakon 2007, sai ranar 13 ga Yuni 2010 ya jefo ɗan akwatinsa a hamadar Woomera ta Ostareliya, shi kansa ya ƙone a sama. Da aka buɗe akwatin, ido bai ga kome ba. Sai da madubin ƙara girma aka tsinto ƙwayoyi kimanin 1,500, mafi yawansu ba su kai kaurin gashi ba.

Da wannan 'yar ƙura aka warware gardamar da ta daɗe. Duwatsun da suka fi yawan faɗowa duniya, launinsu bai yi daidai da na duwatsun sararin da a ke zaton daga can suka fito ba, in an hange su da madubin hangen nesa. Ƙurar Itokawa ta nuna cewa abu ɗaya ne, iskar rana ce da ƙananan tsakuwoyi ke dafe fatar dutsen su canza mata launi, kamar yadda hayaƙi ke yi wa rufin madafi. Rukunin da aka sami Itokawa a cikinsa kuwa, wanda masana ke yi wa laƙabi da LL, shi ne rukunin dutsen Kilabo. Watau abin da Japan ta yi shekara bakwai tana nema, ɗan'uwansa mai nauyin kilo 19 ya riga ya faɗo a Jigawa. Amma ba don tafiyar Hayabusa ba, da ba a tabbatar da irin gidan da ya fito ba.

Japan ta sake aika Hayabusa na biyu a watan Disamba 2014 zuwa Ryugu, wani baƙin dutse mai yawan kabon, watau sinadarin gawayi. Wannan karo sai da suka harba masa curin tagulla mai kilo 2, suka haƙa rami mai faɗin fiye da mita 10, don su ɗebo daga ƙarƙashi inda rana ba ta taɓa ba. A watan Disamba 2020 aka karɓi giram 5.4, watau cikin ƙaramin cokalin shayi.

Amurka kuma ta harba OSIRIS-REx ranar 8 ga Satumba 2016 zuwa Bennu, mai faɗin kimanin mita 500. Sun yi zaton za su tarar da fili mai rairayi, sai suka tarar da tulin duwatsu ko'ina, da ƙyar aka sami wurin sauka wanda bai fi filin tsakar gida ba. Ranar 20 ga Oktoba 2020 kumbon ya miƙa hannunsa. A ranar, saƙo na ɗaukar minti 18 kafin ya iso duniya, saboda haka duk abin da mutanen ɗakin sarrafawa suka gani ya riga ya wuce, kumbon ne da kansa ya riƙa gwada hotunan da ya ke ɗauka da taswirar da ke cikin kwamfutarsa yana gyara hanya. Da hannun ya taɓa dutsen, maimakon ya ji tauri sai ya nutse kusan rabin mita, kamar wanda ya sa hannu a rumbun gero. Ba don ya kunna inji ya ja da baya ba, da ya ci gaba da nutsewa. Wannan ya nuna Bennu ba dunƙulallen dutse ba ne, tarin ɓaraguzai ne da ɗan raunanan ƙarfin ja ya riƙe wuri guda. Giram 60 aka sa a gaba, sai aka ɗebo har murfi ya ƙi rufuwa. Akwatin ya sauka a hamadar Utah ranar 24 ga Satumba 2023, da giram 121.6 a ciki, aka buɗe shi a cikin rufaffen akwatin gilashi mai iskar naitirojin don kada iskar duniya ta taɓa shi. Kuɗin aikin duka ya haura dala miliyan 1,000.

Me aka samu? A watan Janairu 2025 masana suka ba da labari. Daga cikin amino asid 20 da jikin mai rai ke gina nama da su, an sami 14. An sami dukan tubalan nan biyar da a ke rubuta gadon halitta da su a cikin DNA da RNA. Kada a yi mana mummunar fahimta, ba rai aka samu ba, kayan gini aka samu, kuma tsakanin tubali da gida akwai nisa. Amma abin da ya fi burge mu shi ne na uku. An sami gishiri, an kuma sami kanwa. I, kanwa, danginta ɗaya da wadda fatake ke kawowa daga ƙasar Manga da bakin tafkin Chadi, wadda iyayenmu mata ke jefawa a miyar kuka, makiyayi kuma ya ba shanunsa. Kowa a nan ya san yadda kanwa ke samuwa: ruwa mai gishiri ya kwanta a tafki, rana ta ƙafar da shi, ya bar farin ɓawo. To haka aka yi a cikin uwar dutsen da Bennu ya ɓalle daga jikinta, fiye da shekara miliyan 4,500 da suka wuce. Ƙanƙarar da ke cikinta ta narke saboda ɗumin waɗansu sinadarai masu rikiɗewa, ruwan ya bi ta tsagogi, daga baya ya ƙafe, ma'adinai suka kwanta bi da bi kamar yadda su ke yi a tafkin da ya bushe. A nan ne amsar tambayarmu ta fito fili. Wace mace ce za ta bar kanwarta a waje da damina? Da ɓallin Bennu faɗowa ya yi a gona, da raɓar kwana kaɗan ta isa ta lashe wannan shaida. Kumbon Dawn, wanda ya kewaya Vesta daga 2011 zuwa 2012 sa'an nan ya isa Ceres a 2015, shi ma ya tarar da fararen tabo masu ƙyalli a wani rami na Ceres, aka kuma gano dangin kanwa ne. Wannan duka na ƙarfafa zaton cewa wani kaso na ruwan duniyarmu da na sinadaran da rai ke bukata, irin waɗannan duwatsu ne suka yi dakonsa tun tana jaririya.

Akwai waɗansu a hanya. An harba Lucy a 2021 zuwa ga duwatsun da ke gaba da bayan Mushtari, an harba Psyche a 2023 zuwa wani dutse mai yawan ƙarfe wanda a ke sa ran isa a 2029, Sin kuma ta harba Tianwen-2 a watan Mayu 2025. Batun tsaro ma na nan. Ranar 26 ga Satumba 2022 aka sa kumbon DART ya yi karo da wani ɗan dutse mai suna Dimorphos da gangan, ya rage masa lokacin kewaya babban abokinsa da kusan rabin sa'a, aka tabbatar ana iya karkatar da dutse in an gan shi da wuri.

To mu fa? Ba za mu tsaya nan mu ce muku Nijeriya za ta harba kumbo zuwa Bennu baɗi ba, ko da ya ke muna da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, ta kuma mallaki tauraron ɗan Adam na farko a 2003. Amma akwai aikin da bai fi ƙarfinmu ba, kuma maƙwabta sun gwada. Ranar 6 ga Oktoba 2008 wani mai duban taurari a Arizona ya hango ɗan dutse mai faɗin kamar mita 4 ya nufo duniya, aka lissafa zai faɗo a arewacin Sudan kafin a kwana, haka kuwa aka yi da asubahin 7 ga wata. Wannan ne karo na farko da aka ga dutse a sarari kafin ya faɗo. A watan Disamba, Dokta Muawia Shaddad na Jami'ar Khartoum, tare da wani masani Peter Jenniskens, suka kwashi ɗalibai da malamai zuwa hamadar Nubiya, suka jeru sahu guda suna tafiya a ƙasa suna duba rairayi. A tafiye-tafiyen da suka yi an tsinto gutsattsari wajen 600. Ɗalibai ne kamarku, da ƙafa da ido, suka kammala abin da a wani wuri sai da kumbo. A Senegal kuwa, Maram Kaire ya jagoranci 'yan ƙasarsa suka yi aiki da hukumar NASA a 2018 da 2020 da 2021. Su kan jera ƙananan madubai a ƙauyuka, su jira daren da wani dutsen sarari zai gitta ta gaban tauraro, kowa ya rubuta daƙiƙar da tauraron ya ɓace da wadda ya bayyana, in an haɗa sai siffar dutsen ta fito. Da irin wannan awo a ke shirya wa kumbo hanya. Har an sa wa wani dutsen sarari sunansa. Samaniyar Kuki bayan ɗaukewar damina, kafin ƙurar hunturu ta sauko, ba ta gaza ta Senegal ba.

Ga kuma misalin abin da sakaci ke jawowa. A watan Nuwamba 2023 aka tsinci ɓallin Marsa mai nauyin kusan kilo 25 a jihar Agadas, wanda ya zarce na Zagami. Ranar 16 ga Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a New York a kan dala miliyan 5.3, sa'an nan gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Ku lura da sunansa: NWA 16788, watau Arewa maso Yammacin Afirka, lamba kaza. Ƙa'idar masana ita ce a sa wa dutse sunan wurin da aka same shi. Na Zagami, da ya ke an rubuta labarinsa tun ranar farko, yau duk jami'ar da a ke nazarin Marsa a duniya ana ambaton sunan wani gari na ƙasar Faskari. Na Agadas kuwa, da ya bi ta hannun dillalai, lamba kurum ya samu. Ko shi na Zagamin, wani kaso nasa an yanyanka ya bazu a gidajen tarihi da hannun masu saye a ƙasashen waje, kuma muna shakkar ko mutum biyar a wannan taro sun taɓa ganin ko da hotonsa.

Ku ne za ku zama malaman makaranta da malaman gona da akawuna a ƙananan hukumomin nan, kuma ku za a fara kawo wa labari ranar da wani abu ya faɗo. Ku rubuta rana da sa'a, da kusurwar da wutar ta fito, da sunayen waɗanda suka gani. Ku ɗauki hoton dutsen a inda ya ke kafin a ɗaga. Kada a wanke shi, kada a fasa, kada a manna masa maganaɗisu, gama yana goge wata shaida da ke cikinsa. A naɗe shi a abu mai tsabta a busasshen wuri, a kai sashen nazarin ƙasa na jami'a, ko Zariya ko Kano, ko wajen hukumar binciken ƙasa a Kaduna, a kuma karɓi takardar shaida da sunan mai gona da na garin. Ku sani kuma ba kowane baƙin dutse ba ne. Marmara da kashin maƙera sun sha ruɗin mutane, abin da a ke kira gatarin aradu kuwa galibi gatarin dutse ne da mutanen da suka sassaƙa. Na gaskiya ya kan zo da siririn baƙin ɓawo kamar an gasa shi, ya kan fi dutsen gida nauyi, kuma da wuya a ga ramukan kumfa a cikinsa.

Daga ƙarshe, Shugaban taro, muna da gayyata. Ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2029 wani dutse mai suna Apophis, mai faɗin kimanin mita 340, zai wuce kilomita 32,000 kacal daga doron ƙasa, ƙasa da inda taurarin ɗan Adam masu kawo mana talabijin su ke. An lissafa, ba zai taɓa mu ba. Mutanen Afirka da Turai za su iya ganinsa da ido bayan faɗuwar rana, kamar ɗan tauraro mai tafiya a hankali, kuma kumbon nan da ya ɗebo ƙurar Bennu an riga an juya shi don ya tarye shi. Muna roƙon wannan ƙungiya ta sa ranar a littafinta tun yau, ta nemi aron madubi ko da guda ɗaya ne, a tara yaran firamare na Kuki a fili bayan sallar isha'i, a kashe fitilu.